Jitar Manu da Rikodar Marigayi

"Lahiya lau, Inno. Ya tsuhwa?"

"Tsuhwa tana gidanku. Mi ka goyo haka awa mai jego?"

Manu ya sauke jitarsa ja jawur a tabarmar kakarsa, sai sheƙi take. Ragonsa ya sayar ya sayo ta da araha a kasuwar Gummi, ya manta jitar lantarki ce, ƙauyensu Gwashi kuwa ko turken wayar wuta babu. Tun a mota yake ganin kansa a dandalin Anka, 'yan mata na liƙa masa. Ga shi babansa ya rantse in ba ta yi ƙara ba, ran kasuwa za a mayar da ita.

Inno ta ja wayar da ke jikin jitar. "Garaya da wutsiya? Kaɗa mu ji."

Ya kaɗa. Ɗan sautin da ya fito, sauro ma ya fi shi.

"Wayyo ragonka! Shi ko kuka ya iya."

"Ke mi kis sani? Wagga ko a Ikko sai manya. Wuta kawai taka so."

"Ga murhu can."

"Tsohuwa, haƙoranki ukku, bakinki na mutum goma. Ran da nish shahara, a jirgi zan kai ki Makka."

"Jirgin kara? Miji ba rago, ba murya. Na sake ka!"

Manu ya yi dariya. Abin da ya kawo shi rikodar marigayi kakansa Namadi ce, mai aiki da batir. Mai gyaran rediyo ya ce in an jona jitar da ita za ta yi magana. Tun rasuwar, Inno ta naɗe ta a zane, ba mai taɓawa.

"Inno, ara min rikodar Alhaji."

Ta juya tana kallon garken da ke gangarawa rafi.

"Shi ma da garaya yas sace ni," ta ce a hankali. "Bakin gulbi, da yamma awa yanzu."

Ta shiga ɗaki ta fito da ita, har da batir sabo. Manu ya jona, ya kaɗa. Sautin ya tashi garau, ya ratsa dangar kara, har tsofaffin da ke gindin tsamiya suka waiwayo.

"Yaya, amarya?"

"Kukan jaki," in ji Inno, tana dariya tana share ido da bakin zane. "Riƙe rikodar, na ba ka. Sake kaɗa min wancan."