Kafur ɗin Likkafanin Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tarwatsa bikin ƙanwata ba, ni da nake malamin kimiyya a wata makaranta a unguwar Maamobi.

Kakarmu Hajiya tana da akwatin ƙarfe a saman wadrob. A ciki akwai likkafaninta da ta sayo a Makka, da ƙwayoyin kafur don kada asu ya ci. Wata rana ta sa na sauko da shi, ta nuna min kafur ɗin duk ya ƙanƙance.

"Ba wanda ya taɓa, Ticha," in ji ta. "Kwanana ne ke tafiya. Ran da na ƙarshe ya ƙare, ku nemi masu wanka."

Na yi dariya, na zuba mata darasi. Na ce canji iri biyu ne. Itace in ya ƙone ya zama toka, ya tafi kenan. Amma ƙanƙara in ta narke ruwan nan ne dai, haka kafur, iska yake bi kawai, shi ya sa ake jin ƙanshinsa. Ta dube ni ta ce, "Rai ma iska yake bi."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Hajiya ce ta raine ni, kuma gaskiya na ji tsoro. Sai ga ni, mai darasi, a kasuwar Nima ina sayen kafur, ina fakar ido ina ƙara mata a akwati (kada ku tambaye ni ina kimiyyar ta tafi).

Ranar bikin, mata sun cika tsakar gida, na ce yau babu mai lura da ni. An ɗauke wuta, ɗakin Hajiya kuma ba taga, da rana ma duhu ne. Ƙanshin kafur ya fi na kullum ƙarfi, irin na gidan rasuwa. Na taka kujera na buɗe akwatin. Sai na ji numfashi a bayana, a hankali, sannan wata murya ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, kai ne ka zo?"

Alhaji kakanmu ne, ya daɗe a kabari.

Ƙafata ta goce, akwati ya kife, likkafani ya warware ya rufe ni ruf. Ban tsaya cirewa ba, na fita da gudu ina salati, na faɗa tsakiyar mata. Masu tuƙa tuwo suka yar da muciya, wata ta haura katanga da gwaggwaronta. Amarya kuwa ƙarƙashin benci aka zaro ta.

Hajiya ta fito tana dogara sandarta. Ashe hutawa ta shiga yi. Ta yaye min mayafin mutuwarta, ta daɗe tana kallona.

"Ashe kai ne kake ƙara kafur. Ni ina ta murna Alhaji ne ke cewa in dakata tukuna." Ta kakkaɓe likkafanin. "To, ci gaba. Amma ka riƙa sallama."

Yanzu in zan koyar da canjin da ba ya komawa, ba na neman itace da toka. Hajiya tana nan da ranta, kafur na nan ina sayowa, amma daga Nima har Kawukudi babu mai ce min Ticha. Sunana Fatalwa, har ɗalibaina.