Ranar da Iska Ta Shigi Kwamfutar Wening

Idan ana maganar ilimin na'ura a unguwarmu ta birnin Semarang, a ƙasar Indonesiya, daga Pakde Hartoyo, wato Baba Babba Hartoyo, an rufe ƙofa. Mutumin nan ya ƙare aikinsa yana shugaban sito a wata ma'aikata, kuma duk kwamfutar da ta shiga ginin sai da sa hannunsa. Ya ga kwalayensu, ya shafa su, ya sa an jera su. Mahassada na cewa bai taɓa kunna ko ɗaya ba, amma ai babba ba ya kunna abu da kansa, sai dai ya ba da izini a kunna. Tun da ya yi ritaya matasan layi suke kiransa Farfesa, shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don bai ga abin dariya a cikinsa ba.

Wening, 'yar ƙaninsa marigayi, ita ce Allah ya jarraba da wannan baiwa. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinta, shi ya kai ta makaranta, kuma ba a taɓa yin taron dangi bai tuna wa jama'a haka ba. Da rana tana aiki a kantin magani, da yamma tana wasan yaƙi na mutum biyar-biyar a kwamfuta, kuma hannunta na da kyau ƙwarai. Ranar Lahadi bayan azahar ƙungiyarsu za ta buga wasan da zai kai su babbar gasa a birnin Surabaya. Galih, jagoran ƙungiyar, ya riga ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: in kwamfutarta ta sake daskarewa a tsakiyar faɗa, akwai wanda ke jiran kujerarta.

Ciwon kwamfutar ba wani ɓoyayye ba ne. Ƙura ta toshe 'yar fankar da ke cikinta, in ta yi zafi sai ta hau ja da ciki. Wening ta tanadi buroshi don ta share ta da safiyar Lahadi. Kuskuren da aka yi shi ne mahaifiyarta ta yi zancen a gaban Bude Lastri, matar Pakde.

Ranar Lahadin, tana kwance sukurorin akwatin kwamfutar kenan sai ga Farfesa da rigar batik, atamfarmu ta gargajiya, mai dogon hannu, da jaket a kai, da mayafi naɗe a wuya, a garin da ko kaza ke neman inuwa tun hantsi. Ta sumbaci hannunsa. Ya ɗora tafinsa a bayan akwatin, ya ji iska na hurowa, ya girgiza kai kamar likitan da aka kira a makare.

"Nduk, 'yata, wa ya koya miki wannan ganganci? Na'ura na gaban taga, fanka na kaɗa ta ta waje, wata fankar na kaɗa ta ta ciki! Ke in aka yi miki haka za ki iya gudu? Shigar iska ce, ba wani abu ba. Kasala, nauyin jiki, ga wannan gurnanin na kumburin ciki. Ni da na riƙe kwamfutocin ma'aikata guda, ko ɗaya ba ta taɓa ciwo a hannuna ba. Me ya sa? Suna cikin kwalinsu, a rufe ruf."

Shigar iska kam kowa ya san ta, ba gidan da ba a yi jinyarta ba. Wening ta buɗe baki za ta ce na'ura ba mutum ba ce, sai idon mahaifiyarta ya tare ta daga bakin ƙofa. A gidansu ba a ce wa wan uba a'a, sai dai a ce to, daga baya a san dabara. Ta haɗiye maganar.

"To, Pakde," in ji ta.

Farfesa ya fara aiki, kuma gaskiya aikin ya yi tsafta. Ya bi duk wata kafa ta akwatin ya liƙe da salatif, har da 'yan ƙananan ramukan da Wening ba ta taɓa lura da su ba. Ya zaro kwalbar man zafi daga aljihu ya murza wa murfin sama da ƙasa. Ya so ya kankare gefen da sulalla yadda ake kankare bayan mara lafiya har ya yi ja, amma da ya ga fenti na tashi sai ya ce jikin ya yi laushi, a bar shi haka. Daga nan ya karɓi bargon mahaifiyar Wening ya lulluɓe akwatin, ya soke gefe da gefe. Ya rufe taga, ya kashe fankar ɗaki, ya juya fuskarta bango don kada ta yi sha'awa.

Wening ta kwantar da hankalinta da cewa yana tafiya cin abinci za ta yaye komai. Ashe Farfesa ya aika a kawo masa nasa nan, kuma ya gayyato dattawan layi su zo su ga yadda ilimi ke aiki. Suka cika ɗakin, aka kawo shayi mai zafi da soyayyar ayaba. Ya ja kujera ya zauna dab da bargon, hannunsa a kai, yana yi musu bayani.

"Matasan yanzu, da abu ya yi nauyi sai su ce a sayo sabo. Mu kuwa jinya muka sani. Ku taɓa ku ji. Kun ji ɗumi? Jini ya fara gudana kenan."

Dattawa suka taɓa, suka gyaɗa kai. Ɗumi kam akwai shi.

Aka fara wasa. Da farko abin ya tafi lafiya, Wening ta kayar da mutum biyu, Farfesa ya miƙe ya karɓi gaisuwar taya murna. Sai 'yar fankar ciki ta fara kuka a ƙarƙashin bargo. Hoton allo ya soma tsalle-tsalle, jarumar Wening ta tsaya cak a tsakiyar fili, takobi a sama, abokan gaba na zagaye ta.

"Wen, motsa mana! Wen! Barci kike yi?" Muryar Galih ce a kunnenta.

Ta kai hannu za ta fizge bargon. Pakde ya buge hannun a hankali, irin na manya.

"Kul! Yanzu ne take fitar da gumi. Kika buɗe ta yanzu, ciwon ya dawo sabo."

Dattawa huɗu na kallonta, mahaifiyarta na bakin ƙofa. Ta mai da hannunta kan madannai tana danna abin da ba ya amsawa, hawaye na taruwa a idonta. Warin roba ya gauraya da na man zafi. Sai allon ya yi baƙi, kukan fanka ya tsaya, ɗakin ya yi tsit.

"Alhamdulillahi," in ji Farfesa. "Ta samu barci. Haka sauƙi ke farawa."

Wayar Wening ta yi ƙara. Saƙon Galih gajere ne: an cinye su, kuma kada ta wahalar da kanta zuwa atisaye gobe. Ta karanta, ta kife wayar.

Farfesa ya miƙe don jawabin rufe taro. Ya gyara mayafin wuyansa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ɗaga yatsa ya ce, "A taƙaice, jama'a, iska ita ce babbar abokiyar gabar..." Bai kai ƙarshe ba zafi ya kwashe shi, ya sulale tsakanin kujera da farantin ayaba.

Nan ɗaki ya rikice. Bude Lastri ta shigo da salati, aka tuɓe masa jaket, aka kwance mayafi, aka ɓalle maɓallan batik har tumbi ya bayyana a gaban dattawan da ya gayyato. Wani ya banke taga. Wani ya juyo fankar daga bango, ya kunna ta har ƙarshe, ya miƙa wa Wening ta riƙe masa a fuska. Babban masanin illar iska ya kwanta baki buɗe yana zuƙar ta.

Can ya buɗe ido, ya sauke ajiyar zuciya.

"Wayyo daɗi. Matso da ita, Nduk, matso da ita nan wuyana."

Wening ta dubi akwatin da ke lulluɓe a bargo, ta dubi wan mahaifinta. Ta durƙusa da ladabi yadda ya tarbiyyantar da ita, ta sa yatsa ta kashe fankar. Ta yaye bargon daga kan matacciyar kwamfutar, da sauran zafinsa, ta lulluɓe shi har wuya, ta soke gefe da gefe.

"Yi haƙuri, Pakde," in ji ta. "Kada iska ta shige ka."