Yadda Za Ka Tono Kakan-Kakanka Ba Tare da Ka Rasa Falonka Ba

A daidai lokacin da kake karanta wannan, wani mai gyaran agogo yana tsaye a tsakiyar falonsa ba takalmi, dattawan da bai taɓa gani ba kafin watan jiya sun durƙusa suna auna masa yatsan ƙafa da igiyar awon tela. Matarsa tana bakin ƙofa da akwati. Ta riga ta gaya masa, in ta taso daga aikin asibiti ta tarar da ko mutum ɗaya daga cikin baƙin nan, gidan yayanta za ta wuce, kuma kada ya aiko kowa biko.

Wannan mutum ya yi nasara. Bara war haka bai san sunan kakan babansa ba, yau kuwa dangi sun yi masa yawa har layi ake a ƙofar banɗakinsa. Kai ma za ka iya. Bi matakan da ya bi, an ba ka tabbaci ba za ka sake cin abinci kai kaɗai ba.

1. Ka samu wanda zai ƙona maka rai

Ba wanda ke neman asalinsa yana cikin hayyacinsa. Sai an yi maka gori.

Mai agogo ya samu nasa a shagon da ke jikin nasa. Mai kemis ne, mutumin da ba ya miƙa maka maganin mura sai ya haɗa maka da labarin kakanninsa. Rannan ya leƙo, ya ga mai agogo da gilashi a ido ɗaya yana tsintar ƙusa, ya ce, "Maƙwabci, wai ku daga ina kuka faɗo ne? Ko kai ma kamar agogunanka, ba kwali ba takarda?"

Mai agogo ya yi dariya har da buga cinya. Da ya koma gida ya kasa cin abinci. In kai ma ka kai nan, ka wuce mataki na gaba.

2. Ka nemi tsohuwar da ta fi kowa daɗewa

Kowane dangi akwai ta. Kada ka je hannu sake, kuma kada ka je tana jin rediyo.

"Gwaggo, wane ne kakan Baba?"

"Barkono ake ce masa."

"Me ya yi a duniya?"

"Ya rasu."

"Kafin nan fa?"

Gwaggo ta yi dogon tunani. "Ya yi tari."

Kada ka karaya. Kakan da ba a san komai a kansa ba ya fi kowane kaka albarka, domin fili ne ba gini, abin da ka ga dama za ka ɗora. Abu ɗaya Gwaggo ta ƙara yana shirin tashi: duk jinin Barkono, yatsan da ke bin babban yatsan ƙafa ya fi babban tsawo. Mai agogo ya gode, ya fita da sauri. Bai duba nasa ba. Masu bincike na gaske waje suke kallo.

3. Ka buɗe guruf a waya

Sa masa suna mai nauyi. Shi ya sa wa nasa "Zuri'ar Barkono ta Duniya Baki Ɗaya". Kafin mako ya zagayo wayarsa ta fara zafi kamar dutsen guga. Ashe masu wannan suna sun cika ƙasa, kowa yana ta lalube shi kaɗai.

A guruf ne Barkono ya samu tarihi. Wani ya ce jarumi ne. Wani ya ce malami ne mai almajirai har da aljanu. Wani tsohon direban tanka ya ce kakarsa ta rantse Barkono ya taɓa haye kogi da doki, dokin a kafaɗarsa. Ba wanda ya musa. A wannan sana'a, in ka ƙaryata ɗan'uwanka, gobe shi ma zai ƙaryata naka.

Daɗi ya ɗebi mai agogo, ya rubuta, "Gidana gidanku ne." Wannan magana ce da ake faɗa wa wanda ka tabbata ba zai zo ba. Shi kuwa har da tura kwatance, ya ce in an ga tankin ruwa shuɗi a kwana dama.

4. Ka tantance masu shigowa

Direban tanka ne ya fara iso, da katifa a ka. Bayansa wasu suka biyo, kowa da ƙullinsa, kowa "kwana ɗaya kawai, a ga juna".

Kada ka bari kowane kare da doki ya shigo maka. Ka kafa shinge. Mai agogo ya ɗauko Gwaggo, ya dasa mata kujera a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo sai ya tuɓe takalmi ya ɗora ƙafa a kan bokiti, ita kuma ta sunkuya ta duba.

"Namu ne. Wuce. Wannan ma namu ne. Kai, je ka wanke ka dawo."

Abin da ba a gaya wa mai agogo ba shi ne, rabin mutanen duniya haka yatsansu yake. Mai kawo ruwa ya ci jarrabawa. Mai karanta mitar wuta ya ci, ya ajiye tsaninsa ya zauna. Har mai kemis ya zo kallo, aka ce ya gwada, ya fito da yatsa kamar alli. A take ya saki kakanninsa, ya rungume mai agogo yana hawaye, yana ce masa ƙanena.

Aka naɗa direban tanka shugaban zuri'a, tun da shi ya fi kowa murya. Ya karɓi doguwar kujera da rimot. Matar gida ta dawo daga aiki ta tarar da wani kawu yana aske gemu da madubinta.

"Malam, wannan kuma wane ne?"

"Ɗan jikan ƙanen Barkono ne, ta wajen uwa."

"To ka gaya wa ɗan jikan, tawul ɗina ne a wuyansa."

5. Kada ka taɓa cire takalminka

Wannan shi ne matakin da mai agogo ya tsallake. Yana alwala a bakin famfo, shugaba ya zo wucewa, ya tsaya cak, ya kira mutane.

Ka ga yadda aka yi ya tsinci kansa a tsakiyar falo ana auna shi. Aka auna dama, aka auna hagu. Aka ce ya miƙe yatsan, ya miƙe har jijiyar wuyansa ta tashi. Yatsa dai gajere, ya laɓe a gefen babban kamar mai jin kunya.

"Gwaggo, ki yi magana mana," in ji mai agogo.

"Ni dai uwarka ta dawo da kai daga asibiti a zane. Ban bi ta can ba."

Shugaba ya yi gyaran murya. Ya ce zuri'ar Barkono ba ta wulaƙanta baƙo, don haka an amince mai agogo ya ci gaba da kwana a gidan kakansu, a lungun da ake ajiye janareta. Matarsa kuwa, da aka leƙa silifas ɗinta aka ga yatsa har ya zarce, an yi mata tayin shugabar mata. Sai ta maimaita masa sharaɗinta, ta ɗauki akwati ta fita aiki.

6. Ka ɓata wa kakanka suna

Kai ka gina shi, kai za ka rushe shi. Amma ka iya zaɓen laifi.

Mai agogo ya fara da cewa sabon bincike ya nuna Barkono taɓaɓɓe ne, da tukunya a ka yake yawo kasuwa. Falo ya kaure da murna. "Shi ya sa," in ji shugaba. "Wallahi ni ma wani lokaci nakan ji abin yana taso mini." Kowa ya samu inda zai rataya halinsa.

Rana tana yin ƙasa, lokacin tashin asibiti yana matsowa. Mai agogo ya sake shiri. Ya zauna a kan janareta, ya yi tagumi, ya saki ajiyar zuciya har sai da aka tambaye shi.

"Ba komai. Tausayinku nake ji. Ashe Barkono ya taɓa aron macen jaki mai ciki a wajen maƙwabcinsa, bai mayar ba. Jikokin mai jakin suna nan suna bincike kamar mu. Jakinsu suke so, da duk abin da ta haifa, da abin da 'ya'yanta suka haifa, daga wancan zamani zuwa yau. Kuma sun ce jinin Barkono na asali kaɗai za su kama." Ya ɗaga ƙafarsa ya kalla. "Ni dai kun auna, kun gani."

Kowa ya sunkuya ya kalli ƙafarsa. Sai aka fara jin motsin safa. Mai kemis ya tuna ya bar shago a buɗe. Mai karanta mita ya ɗauki tsaninsa. Shugaba ya lanƙwashe yatsansa cikin takalmi, ya ce shi dama tun farko yana da shakku a kan kakarsa, mace ce mai son zance. Kafin ya ɗaura katifarsa sai da ya yi wa guruf dogon saƙon murya, ya zayyana maganar jaki tiryan-tiryan, ya ce a tura wa kowa don a yi hattara.

7. Ka share falo, ka jira

Matar ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba kowa sai Gwaggo tana gyangyaɗi. Ta leƙa banɗaki, ta leƙa bayan labule, ta buɗe firji don tabbatarwa.

"Ina danginka?"

"Ke ce dangina."

"Bakinka ya iya gyara fiye da hannunka," in ji ta. Amma ta zauna, ta miƙe ƙafa a doguwar kujera, ta karɓi rimot.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Ba shi da alhakin tawul, katifa, aure, ko kakan da aka tono ya ƙi komawa. Ba ruwansa da inda saƙon murya ke zuwa in ya bar hannu. Haka kuma ba da yawunsa ake wannan sallamar a ƙofar mai agogo ba.

Wani dattijo ne mai fara'a, da tsohuwar igiya a naɗe a hannu. A bayansa doguwar mota ce, ana sauke katifu daga samanta.

"Nan ne gidan Barkono? Alhamdulillahi. Mu ne jikokin mai jakin. Tun muna yara ake ba mu labarinta, ba mu san wa ya tafi da ita ba sai yau da aka turo mana saƙo. Ba rigima ta kawo mu ba. Za mu ɗan zauna ne har a gano ta."

Matar ta yi magana daga kan kujera, ko juyowa ba ta yi ba. "Malam, gaya musu."

"Baba, ka yi haƙuri," in ji mai agogo. "Wallahi ba wani jaki. Ban taɓa ganin jakin nan ba."

"Haka Barkono ma ya ce wa kakanmu," in ji dattijon, ya juya ya yi wa masu katifu alama su shigo.