Ranar da Marigayi Ya Tsokane Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da Litinin ɗin da aka mayar da ni sashen ajiye fayil, a wani ofishin gwamnati da ke Doka. Teburin da aka ba ni na Malam Sabo ne, wanda ya rasu sati uku kafin zuwana. Ban san shi ba, amma kayansa na nan. Na ja aljihun tebur na tarar da tabaransa da ɓarin goro da ya bushe, da shaidar haƙorinsa a jiki.

Hajiya Larai, babbar mai buga takardu, ta ce in ina so a sauya mini kujera. Na yi dariya na ce, "Haba Hajiya, ni da na yi difloma a kwamfuta?" (Har yau ban san abin da ya haɗa difloma da kujerar mamaci ba.)

Wajen sha ɗaya hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu. Kowa ya tafi taro a ofishin Darakta, aka bar ni ni kaɗai da ƙarar fanka. Na kunna kwamfutar marigayi, na buɗe burauza, manhajar shiga intanet. Shafin binciken nan da kowa ya sani ya fito, fari tas, da tambarinsa da gurbin rubutu a tsakiya.

Ina taɓa linzamin kwamfutar, sai komai ya zube.

Tambarin ya faɗo ƙasan fuskar kwamfutar ya yi tsalle sau biyu. Gurbin rubutun ya biyo shi ya kwanta a karkace, maɓallan suka tarwatse a kansa kamar an yanke igiyar shanya. Saman shafin ya zama fayau.

Na ce a'uzubillahi. Na rufe, na sake buɗewa. Shafin ya tsaya daram kamar yana kallona, sannan ya sake rushewa. Na kamo tambarin da linzami, ya biyo ni yana lilo. Na sake shi, ya bugi gefe ya gangaro.

A nan ne ya kamata in tashi. Maimakon haka, sai na rubuta a gurbin da ke kwance: "Malam Sabo, kai ne?" (Kada ku tambaye ni dalili.) Na danna. Sai ga rubuce-rubuce suna faɗowa daga sama ɗaya bayan ɗaya, suna taruwa kamar ana zuba ƙasa a rami. Daidai lokacin iska ta buga taga.

Na yi tofi a ruwan ledar da ke hannuna, na watsa wa kwamfutar, na fita da takalmi ƙafa ɗaya. Ban yi sallama ba na banka ƙofar Darakta, mutum kusan ashirin a zaune.

"Yallaɓai, marigayi yana cikin kwamfuta!"

Darakta ya sauke tabarau. "Wane marigayin?"

Duk suka biyo ni. Hajiya Larai ta leƙa, ta ga tarkacen shafin, ta ga ruwa na ɗiga daga tebur, sai ta zauna a ƙasa don dariya.

"Allah ya jiƙan Sabo," in ji ta tana share hawaye. "Ɗan nan, wasa ne. Wani shafi ne da aka yi shi musamman don kaya su riƙa faɗowa. Sabo ne ya saita shi ya zama na farko in an buɗe. Duk baƙon da ya zo sai ya ce masa, 'Zo ka duba mini wani abu.' Ni ma ya kama ni, amma ni dai ban yi wa kayan gwamnati wanka ba."

Aka yi ta dariya. Can sai wani ya dube ni ya ce, "Ai kai ne na ƙarshe da marigayi ya kama." Darakta ya ce a yi masa Fatiha, muka shafa a tsaye, ni da safa a ƙafar hagu.

Maɓallan rubutun kwamfutar ba su sake aiki ba, kuma aka sa ni rubuta bayanin yadda ruwa ya shige su. Shekara huɗu ke nan, har masu gadi Mai Ruƙiyya suke kirana.

Abin da na koya shi ne, in abu ya ba ka tsoro a ofis, ka fara gaya wa mutum ɗaya, cikin raɗa.