Angon Amarya Ya Zo Roƙon Buhu

"…Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki?"

"Ƙafa da sauƙi. Ya mutanen gidan naku? Kai, tsaya tukuna. Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa."

"Ba kowa, kake haki haka kamar bunsurun da ya kuɓuce wa mahauci?"

Musaddiƙ yana durƙushe a bakin ƙofar kakarsa, gumi na bin gefen kunnensa. Safiyar Asabar ce a Kazaure, rana ba ta gama fitowa ba, gabas kuma ta ɗan yi duhu da hadari. Tsohuwar na zaune a tabarma ta miƙe ƙafa, faifan gyaɗa a cinya tana tsincewa. Sunanta na yanka Sadiyya, amma tun ranar da aka kawo ta gidan marigayi Malam Ɗayyabu aka laƙaba mata Amarya, sunan ya bi ta har furfura. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shi ya sa ɗakin ajiyarta yake cike da buhunan da aka juye, a ninke, a ɗaure. Duk zuri'ar gidan sun sani, gara ka roƙe ta ɗan kunnenta da ka roƙe ta buhu.

Buhun kuwa shi ya kawo shi. Shi da abokansa suna da ƙungiya ta masu gudu da masu keke. Duk Asabar sukan fita motsa jiki, amma ba sa juyowa gida sai sun tsaya wani wuri sun yi aikin gayya, ko yasar kwata, ko cike ramin hanya, ko dashen itatuwa a makaranta. Na yau ya sha bamban. Ruwan da aka tafka ranar Laraba ya gangaro daga duwatsu ya yanki gefen maƙabartar Tsamiyar Hamma, wani ƙauye a hanyar Roni, har kwarin ya doshi inda Malam Ɗayyabu yake kwance. Buhunan yashi ake so a jera kafin wani ruwan ya sauko. Babansa ya ja masa kunne: ya karɓo buhu ta kowace dabara, amma kada tsohuwa ta ji inda za a kai su, don hawan jininta ba ya son irin wannan labari.

"Haba Amarya," in ji shi, "angonki ya zo gaishe ki da sassafe, ko ruwa babu, sai gori?"

"Wane angon? Ni ban taɓa ganin angon da zai fita da asuba yana zagaye gari a guje ba, ba ɓarawo ya gani ba, ba gobara ake ba. Jiya Abu mai koko ta tare ni, wai, 'Amarya, jikan nan naki lafiyarsa kuwa? Ko a nemo masa rubutu?'"

"Motsa jini ake ce masa. Likitoci ma sun ce..."

"Jinin da ke kwance lafiya, me ya yi maka za ka tashe shi? Mu a zamaninmu in ka ga namiji na gudu, to kura ce a bayansa ko mai karɓar haraji. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Kai kuwa sa gudun bai zo ba, ka riga shi fita."

"A zamaninku ai ko kurar ce ta hango ki sai ta juya, ta ce wannan ƙashi ne zalla."

"Ƙashin nan shi ya goya babanka. Kai dubi ƙafafunka, kamar sillen kara. Ranar da iska mai ƙarfi ta taso, sai dai a je Babura a tsinto ka, in ma ba ta tsallaka da kai Nijar ba."

"In ta kai ni Nijar ai na huta. Sai in auro mai sefa, in rabu da ƙuli-ƙuli."

"Su karɓe ka mana. Kwana biyu za su dawo mana da kai, har da goron ban haƙuri."

Ya yi dariya, ya gyara zama. Idonsa ya ɗan zarce ƙofar ɗakin ajiya.

"Amarya, na ce ba..."

"A'a."

"Ban fa faɗa ba."

"Idonka ya faɗa. Tun da ka durƙusa kake satar kallon ɗakin can kamar kyanwa da tukunyar kifi. Buhu ne, babu."

"Buhunan da suka kusa taɓo rufi ne babu?"

"Ƙirga maka su aka yi? In kaka ta zo, a hularka zan auno gyaɗa?"

"Kaka ai ta zo tun tuni. Ga ta nan zaune tana hana jikanta buhu."

Ta ɗauki ƙwayar gyaɗa ta jefe shi. Ya cafe, ya jefa a baki.

"Ka gani ko? Miji bai taɓa kawo ko gishiri ba, sai dai ya ci jari. Me ma za ka yi da buhun? Ko shiga za ka yi a ɗaure, garin ya samu lafiya?"

"Aikin gayya za mu. Yashi za mu ɗura."

"Gudun ne, ko aikin?"

"Duka biyun. Masu gudu su yi gaba, masu keke su biyo da shebur da diga da buhu. In an isa, a yi aiki, a huta, a juyo."

"Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, yaro."

"Mu mun haɗa, kuma bai zube ba. Wa ya yashe kwatar bayan gidan nan, da sauro ya hana ki barci?"

"Na ga wasu 'ya'yan albarka sun yashe. Kai kuma na hango ka ana ɗaukarka hoto."

"Shebur ne fa a hannuna!"

"Saboda hoton."

"Wallahi Amarya, ranar sai da tafin hannuna ya yi bororo."

"Hannun da bai san komai ba sai alli da cokali, ai ko tsintsiya ya riƙe sai ya yi bororo. Malamin makaranta ne ko lawashin albasa?"

Daga waje aka kaɗa ƙararrawar keke. Sabiru ne, abokinsa, da ya tsaya a ƙofar gida da igiyar ɗaure kaya. Musaddiƙ ya ɗaga kai ya dubi gabas. Duhun ya ƙaru. Ya ji wasan ya fara yi masa nauyi a baki, amma ya daure.

"Ki taimaka, Amaryar Malam, Amaryata. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Yau kuma zuma ce ni? Ɗazu ƙashi ce. To ina za a kai yashin?"

"Can wajen Roni."

"Roni da faɗi."

"Wani ƙauye ne a hanya."

"Ƙauyen ba shi da suna? Ko ranar sunansa rago ya gudu, irinka?"

"Ke dai wani kwari ne ruwa ya yi."

"Kwarin a gona yake, ko a hanya?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalminsa, wadda take a ɗaure lafiya lau. Tsohuwar ta ajiye faifan a gefe. Ba ta kama sunan ɗanta na fari, don haka ta ce:

"Wancan na gidanku ya shigo nan da duhun asuba. Mutumin da ko buta sai an miƙa masa, yau na gan shi da diga a kafaɗa. Ya gaishe ni yana kallon bango. Yanzu kuma ga ka, kana ɗaure takalmin da ba a kwance yake ba. Ruwa ba ya tsami banza. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau keke ba zai hango ba."

"Rimi ake cewa."

"Kai ina ka iya hawa rimi? Musaddiƙ, dube ni."

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Kullum Ango ne, ko Sillen Kara, ko Na-gudu. Ya ɗago. Ya tuna gargaɗin babansa, ya kuma dubi idon da ya san ko ya yi ƙarya ba za ta shige ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Tsamiyar Hamma ce," ya ce a hankali. "Maƙabarta. Ruwan Laraba ya ci gefenta."

Hannunta ya tsaya cak a kan gwiwa. Wata kaza ta lallaɓo ta saci gyaɗa a faifan, ba wanda ya kore ta.

"Ya kai gare shi?"

"Bai kai ba."

"Kada ka lallashe ni."

"Wallahi bai kai ba, da ɗan saura. Jiya na je na gani da idona. In muka jera buhu yau, muka danne da dutse, in sha Allahu ko an yi ruwa zai bi ta gefe. Mutanen ƙauyen ma sun fito, yashi na nan a tare. Buhu ne ya yi kaɗan."

Ta yi salati ƙasa-ƙasa, ta daɗe tana kallon tabarma. Ya fara lissafin inda take ajiye maganinta, da abin da zai gaya wa babansa in wani abu ya faru. Can sai ya yi ƙundunbala.

"Ni fa ba don shi zan je ba, ki sani. Tsoro nake ruwa ya tashe shi, ya dawo ya ƙwace mini mata."

Ta ɗago ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata, ta kama bakin mayafi tana goge ido.

"Ja'iri! Ɗan banza mai bakin tsiya! Ai da zai dawo, ko sallama ba zan yi maka ba."

"Shi ya sa zan danne da dutse."

"Allah ya shirye ka. Kuma ni za a ɓoye wa? Ni da na yi masa takaba?"

"Baba ya ce hawan jininki."

"Hawan jinina ai ku ne, kai da shi." Ta kwance bakin zaninta ta ciro ɗan makulli, ta cilla masa. "Buɗe. Kwashe duka, har sababbin da ke bayan randa. Akwai igiya a rataye, da basilla, in wani ya yage ku ɗinke. Kada in ji an ce buhun Amarya ya zubar da yashi."

"Duka? In kaka ta zo fa?"

"Allah ya kai mu. Tashi, hadari ba ya jiran surutunka."

Ya kira Sabiru, ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, suka yi ta fitar da ɗauri-ɗauri suna labtawa a bayan kekunan 'yan ƙungiyar da suka iso. Kafin su gama, ta rarrafa ta jawo wata roba cike da ƙuli-ƙuli mai sukari, ta juye a leda ta ƙulle.

"Wannan na masu aiki ne. Sabiru, a hannunka na ba da. In ka ba wancan, kafin ku fita gari ya cinye."

Da Sabiru ya fita, Musaddiƙ ya dawo ya durƙusa zai yi sallama. Ta kama wuyan hannunsa. Tafinta duk kanta, amma da ɗumi.

"Ka san ban taɓa ganin wurin ba," ta ce. "Shi ya ce a kai shi kusa da iyayensa. Ranar da aka fita da shi, iyakata soro. Mu mata ba ma zuwa." Ta ƙara riƙe hannun. "Akwai inuwa a wajen?"

"Babu sosai. Wata 'yar aduwa ce can nesa."

"Malam ba ya son rana. Ko gona ya je, sai ya nemi gindin itace."

"Akwai dashen dogon yaro a kayanmu. Zan sa ɗaya ta wajen kansa, in kewaye da ƙaya saboda awaki. Duk Asabar ɗin da muka bi hanyar, zan tsaya in ba shi ruwa."

"Ka yi masa addu'a kuma. Ka ce..." Ta saki hannun, ta ja faifanta. "Ba sai ka ce komai ba. Addu'ar ta isa."

Ya miƙe. Bai so ya fita ya bar ta a haka ba, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya riƙe ƙugu.

"Oh, ni Musaddiƙ! Wanda ya tafi ana nema masa inuwa, ni da nake raye ina ta wahala, ba a taɓa tambayar ko ina da ita ba."

"Kai ai ba ka tsayawa wuri ɗaya, balle inuwa ta same ka."

Sai ya ɗaga hannu biyu sama yana dariya.

"Na sallama. Malam ya fi ni, ko a kwance."

"Yau ka yi hankali," in ji Amarya, tana murmushi tana kore kazar. "Jeka, Ango. Allah ya yi maka albarka, ya riƙe muku ruwan nan har ku gama."