Cindo a Rumfar Ƙuli-ƙuli

A garin Tsamiya Biyu an yi wani mutum ana ce masa Cindo. Ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne, sai dai duk maganar da aka faɗa masa yakan ɗauke ta ɗungurungum, ba ragi ba ƙari. Yana da mata, Lanti, da jaririyar da ta haifa masa. Abin da ke riƙe da gidan kuwa rumfar ƙuli-ƙuli ce a bakin tasha, wadda Lanti ta gada wurin uwarta.

To, Lanti ta shiga wankan jego, kwana arba'in ba fita. Suya dai goggonta na yi mata a gida, amma zaman rumfa ya faɗo kan Cindo. A daidai lokacin ne Barau, mai shagon da ke jikin rumfar, ya fara kawo ƙuli-ƙulin birni cikin leda mai zane, masu saye suka koma wurinsa. Har ya je ya roƙi sarkin tasha a ba shi rumfar ya faɗaɗa shago. Sarkin tasha ya aiko cewa in Lanti ta gama wanka rumfar tana nan shiru kamar kango, za a ba wanda zai raya ta. Tun daga ranar Lanti ba ta ƙara jin daɗin kunun kanwa ba, kullum tana kan gado tana ƙulla dabara.

Wata rana ta ce, "Malam, mutum ba ya sayen abin da bai san daɗinsa ba. Duk wanda ya tsaya a gabanka, ka ba shi ya ɗanɗana." Cindo ya ce to. Yana buɗe rumfa sai ga doguwar mota cike da fasinja ta ci birki a gabansa. Ya ɗauki faranti ya shiga, ya bi kujera-kujera, har direba. Motar ta tashi, wata ta tsaya, ita ma ya shiga. Kafin azahar ya dawo gida da faranti fayau yana murna. Lanti ta ce, "Har an saye?" Ya ce, "An dai ɗanɗana. Kowa ya yaba. Wata mata ma ta ce da a ce a garin nan take, kullum sai ta saya." Lanti ta dafe ƙirji ta yi salati.

Wata rana kuma, saura kwana ashirin ta gama wanka, ta ce, "Malam, ka sa wa Barau ido. Abin da ka ga yana yi, kai ma ka yi, tunda shi ake ta saye wurinsa." Ranar kuwa kasuwar garin ke ci. Barau ya share gaban shago, Cindo ya share. Barau ya yayyafa ruwa, Cindo ya yayyafa. Can sai aka zo aka raɗa wa Barau cewa kawunsa ya rasu a wani ƙauye. Ya rufe shago ya hau babur. Cindo ya rufe rumfa ya hau bayan wani babur ya bi shi. Ranar da ba kowa a bakin tasha mai ƙuli-ƙuli sai shi, ranar ya wuni a zaman makokin mutumin da bai taɓa gani ba. Ya dawo da magariba da gumbar sadaka a aljihu. Lanti ta ce, "Wa ya mutu?" Ya ce, "Ban tambaya ba. Barau ma bai tambaya ba." Ranar ko tuwo ta kasa ci, ta juya wa bango fuska tana hawaye.

Wata rana, saura kwana uku, gyaɗa ta ƙare, buhu ɗaya na ƙuli-ƙuli ya rage a gidan. Lanti ta kira shi. Ta ce, "Malam, don girman Allah ka saurara. In mutum ya duba ya wuce bai saya ba, ka tambaye shi dalili. Abin da ya ce shi ne aibin kayan, ka gyara shi." Cindo ya ɗauki buhu ya tafi. Wanda ya fara dubawa ya wuce wani tsoho ne mai sanda. Cindo ya sha gabansa.

"Baba, me ya hana ka saye?"

Tsoho ya buɗe baki ya nuna masa dasashi. "Da me zan tauna, ɗan nan? Abin nan dutse ne."

Cindo ya ce, "Ashe tauri ne aibin." Ya je ya aro turmi da taɓarya wurin mai fura, ya zazzage buhun nan, ya hau daka. Bai bar ko guda ɗaya ba. Labari ya isa gida cewa Cindo ya mai da jarin Lanti gari. Ta miƙe za ta fita ba mayafi, goggo ta riƙe ta, ta zauna tana cewa, "Shi ke nan, rumfar Inna ta tafi a hannuna."

Ashe ƙarar taɓarya ta jawo Ɗanladi mai tsire daga tsallaken titi. Ya dangwali garin ya lasa, ya ce, "Kai, Cindo, sayarwa kake? Kullum sai na ɓata hantsina wajen dakan ƙulin tsire, ga kafaɗa ta ƙi. Zuba mini tiya uku." Mai kilishi ya ji, ya zo. Mata masu kwaɗon zogale suka biyo da kwanukansu har da rige-rige. Sarkin tasha ya leƙo ya ga ba wurin sa ƙafa, ya dubi Barau ya ce, "Wannan ce rumfar da ka ce ta mutu?" Kafin la'asar buhu ya ƙare, Ɗanladi kuma ya ce kowace safiya a ajiye masa nasa.

Da Cindo ya koma gida ya tarar da Lanti idanu sun kumbura. Ya ajiye mata cinikin a gefen gado, ya faɗa mata saƙon sarkin tasha cewa rumfa tata ce. Ta daɗe tana kallonsa, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Shi kuwa ransa a ɓace yake, don garin bai rage ba balle tsohon nan ya samu.

Ta ce, "Malam, daga yau ba dabarar da zan ƙara ba ka. Kai dai ka yi ta daka."

Ya ce to, ya miƙe yana waige-waige a tsakar gida, idonsa ya sauka kan kwandon ƙwan zabin goggo.

Lanti ta zabura. "Ƙuli-ƙuli, Malam! Ƙuli-ƙuli kaɗai!"