Rasuwar 'Yar Koyo, Tukunyar Suyar Tsoho Tokuji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da ƙaurin roba, Hamazaki Tokuji na ɗaki mai lamba 204, a ginin da ake kira Bene na Uku, bayan layin dogo a nan Amagasaki, yake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa cin suyar hannunsa rasuwar tukunyarsa ta lantarki, mai suya da iskar zafi, wadda aka fi sani da 'Yar Koyo. Ta rasu ranar Alhamis da ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, a kan teburin kicin, bayan gajeriyar rashin lafiyar da ba ta kai minti huɗu ba. Shekarunta biyu da wata biyar. Ta cika a bakin aiki, da albasa a cikinta.

Tunda ba a yi wa mamaci ƙarya, sai a faɗa cewa marigayiya ba da son ran mai gidan ta shigo ba. Tokuji ya yi shekara arba'in da ɗaya a tsaye gaban kaskon mai, a wani shagon taliya na bakin tasha, irin wanda ake ci a tsaye ana leƙen jirgi. Aikinsa ɗaya ne tak. Ya yanka albasa sirara-sirara, ya tsoma ta a kwaɓin fulawa mai sanyin ƙanƙara, ya sake ta a mai, ya tsamo ta tana ƙaras-ƙaras a ɗora kan taliya. Ya bar aiki, matarsa ta rasu, ya ci gaba da suyarsa a gida ba mai ce masa kanzil. Sai wata rana ya ɗora kasko a wuta, ya sauka ƙasa duba akwatin wasiƙu, ya haɗu da wani suka kama gardamar ƙwallo har minti arba'in. Kasko ya ƙone, labule ya kama, masu kashe gobara suka zo da motarsu da jiniyarsu.

Washegari 'yarsa Fumie ta sauka daga garin Sendai, inda take aure. Ba ta yi faɗa ba, halin uwarta gare ta. Ta sa aka rufe masa gas, sannan ta dire wani baƙin abu a kan tebur, mai kama da hular kwanon masu babur.

"Baba, wannan ba ta buƙatar mai, ba ta da harshen wuta, in ta gama kuma da kanta take tsayawa. Ka yi girkinka da ita. Amma ka ji ni da kyau. Aka sake ganin hayaƙi a tagar nan, ko na turare ne, sai ka haɗa kayanka mu tafi Sendai. Na bar wa mai kula da bene lambata."

"Suya ba mai? To ki haɗo mini da wanka ba ruwa mana."

"Baba."

"Na ji."

Ya ji ɗin kuwa, domin ya san Sendai. Ya taɓa yin kwana biyar a can, a hawa na bakwai, inda surukinsa yake girmama shi har ya rasa inda zai sa kansa, kuma da ya doshi kicin sai a ce, "Baba zauna, ka huta." Babu wanda ya san shi a titin garin. A nan kuwa, har yau akwai direbobin tasi masu furfura da suke rage gudu su ɗaga masa hannu. Duk zamansa a ɗakin nan, ashe, a wuyan wannan baƙar tukunya aka rataye shi.

Wata uku bai kula ta ba. A kanta yake ajiye hula. Ranar da kwaɗayi ya ci ƙarfinsa ya zuba mata kwaɓin shago, kwaɓin ya tsiyaye ta cikin ramukan kwandonta ya daskare a ƙasa, albasar ta fito tsirara. Ya zage ta tas, zagin da ya saba yi wa sababbin ma'aikata, kuma ranar ce ya raɗa mata suna. Marigayiya ba ta tanka ba. Ba a taɓa jin ta mayar wa kowa magana ba, ba ta kuma taɓa kai ƙararsa Sendai ba.

A hankali suka fahimci juna, har aka rasa gane wane ne ɗan koyon a cikinsu. Ita ta nuna masa cewa ruwa-ruwa ba ya yi mata, sai bushe-bushe. Shi kuma ya gano yadda zai tsaga albasa gida goma sha shida ya bar gindinta a haɗe, ya jiƙa ta a ruwan ƙanƙara har ta buɗe kamar fure, ya tsane ta sarai, ya bi kowane saƙo da garin shinkafa, sannan ƙwai, sannan garin burodi, ya ɗan fesa mata mai kamar mai tsoron a gan shi. Minti goma sha huɗu, ba ƙari ba ragi. Abin da ke fitowa, bakinsa ƙaras, cikinsa laushi da zaƙi. Tokuji bai taɓa yarda ya kai na kasko ba. Abin da ya fi faɗa na yabo shi ne, "Ba laifi," kuma waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun shaida cewa ko su ba su taɓa samun haka daga bakinsa ba.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai tsare lokaci, marar yawan magana. Duk rayuwarta kalmominta uku ne. In an kunna ta sai ta ce "ƙit." In tana aiki sai ta yi ta "huuu" ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwa tana lallashin jika. In ta gama sai ta ce "ɗin," sau ɗaya, ba ta maimaitawa. Wannan "ɗin" kuwa duk hawa na biyu sun san shi. Kowace Alhamis da ƙarfe huɗu, da an ji shi sai ƙofofi su fara buɗewa, tsofaffi uku ko huɗu su shigo kowa da kofinsa, a sa furen albasa a tsakiya ana ɓalla ana dangwala gishiri, ana zagin gwamnati da likitoci. Babbar baiwarta dai ita ce ba ta mantuwa. Ko Tokuji ya sha'afa da talabijin, ko ya tsaya a bakin taga ya rasa abin da ya kai shi, ita tana sane, za ta tsaya a kan lokaci. Ta rufa masa asiri fiye da yadda ya sani, kuma ko da ya sani ma ba zai gode ba.

Game da ciwon ajalinta, ga abin da aka tabbatar. Ranar Alhamis ya tsaga albasarsa kamar kullum, ya bi ta da gari. Can sai ga shi a bakin taga, yana jin wata ƙara a bayansa wadda rabonsa da ita shekara biyu da rabi, ƙarar mai mai yawa yana tafasa. Ya ce abin da ya fi ba shi kunya shi ne daɗi ya fara ji, daɗi sosai, kafin hankalinsa ya iso. Sai marigayiya ta yi tari. Farin hayaƙi ya fito ta bayanta, baƙi ya biyo. Ta yi wani "ƙat-ƙat" da ba a taɓa jin ta yi ba, sannan ta yi shiru ba tare da ta ce "ɗin" ba.

Maƙwabciyarsa ta 203, Obata Sumie, wadda bango ɗaya ya raba su, ita ta faɗo ɗakin da silifa wari-wari, ta fizge wayar tukunyar daga bango, ta kifa jiƙaƙƙen tawul, ta buɗe tagogi. Da gawa ta huce aka jawo cikinta, sai ga mai kwance, zurfin yatsa uku cif, daidai ma'aunin shagon tasha. Kwalbar man tana gefe babu ko ɗigo, an rufe bakinta gam, an goge ta, yadda Tokuji yake yi tun yana saurayi.

Ga maƙwabtan da suka taru a ƙofa sai ya ce, "Gwaji na yi. Na ce bari in ga ko za ta iya aikin manya." Suka yi masa caa, wannan ya ce taurin kai, wancan ya ce mai hali ba ya fasa halinsa. Ya sunkuyar da kai yana karɓa, har da ɗan murmushi. A kira shi mai taurin kai ya fi masa sauƙi.

Marigayiya ta bar yayarta, tukunyar dafa shinkafa, mai shekara goma sha ɗaya, wadda tun ranar ba a buɗe ta ba. Ta bar butar shayi, da firiji mai minshari, da dogayen tsinkayen suya guda biyu waɗanda suka girme ta nesa ba kusa ba amma suka yi mata biyayya. Ta bar rabin buhun albasar tsibirin Awaji, marayu, biyu a ciki har sun fara tsiro don baƙin ciki. Ta kuma bar wani dattijo mai shekara saba'in da takwas, wanda ranar Juma'a da ƙarfe huɗu aka gan shi ya jera kofuna a kan tebur yana tsammanin Alhamis ce.

An samu jinkirin jana'iza saboda dokar bene. Kowa ya sani a nan ba a fitar da kayan lantarki sai Laraba ta biyu a wata, a cikin farar leda da ake ganin ciki, da suna da lambar ɗaki a rubuce a jiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai kula da bene zai ga ƙonanniyar tukunya, ya ga 204, ya ɗauki waya. Mai tsaron wannan doka kuwa ba kowa ba ce illa Obata, wadda ta shekara goma sha tara tana kwance ledojin mutane tana mayar musu har ƙofa in sun haɗa gwangwani da ƙashin kifi. Ranar Asabar da safe ta shigo ta same shi zaune gaban ledar da alƙalami a hannu.

"Sarkin Suya, miƙo alƙalamin nan. Sunana zan sa, 203. Shi mai kula da bene yana Osaka ranar, bai ga hayaƙi ba, sauran kuma na toshe musu baki. Anjima mu je bakin tasha mu sayo irinta sak, baƙa. Fumie ba ƙirga tabon jikin tukunya take yi ba."

"Sarauniyar Shara da kanta za ta yi ƙarya a kan leda? Lallai duniya ta zo ƙarshe."

"Rufe mini baki. In ka tafi, wa zan riƙa zagi? Kawo."

Bai miƙa ba. Ya juya alƙalamin, ya sake juyawa.

"Obata, ba gwaji na yi ba."

Ta juyo ta dube shi.

"Ban san na zuba ba. Tun shekaranjiya nake lalube a kaina, ban samo ba. Ina riƙe da albasa, sai ga ni a taga. Tsakani babu komai, fayau. In kin sayo wata, ita ma haka zan yi mata, wataƙila ranar kina barci. Bangonmu ɗaya ne fa."

"Wawan tsoho," in ji ta. Ta ɗauki tawul ɗin da ya riga ya bushe ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. "Wawan tsoho kawai."

Ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Sannan ya kira Sendai da kansa, don kada ta ji a bakin wani. Ya shirya wa faɗa, ya ma tanadi amsoshi. Fumie ta saurara har ya gama.

"Baba, ka ƙone?"

"Ko kaɗan."

"Ka ci abinci?"

"Obata ta kawo."

"To. Ina nan zuwa ƙarshen wata. Zan zo da kwalaye." Sannan ta ƙara da cewa, "Baba, tagar ɗakin da na gyara maka a nan tana kallon layin dogo. Ana ganin jirage."

"Ba laifi," in ji shi. Ya ajiye waya ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko a ranar da ya tuɓe rigar aiki.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Laraba mai zuwa, kafin ƙarfe takwas na safe, a kejin shara da ke bayan Bene na Uku, kusa da rumfar kekuna. Mai mamaciya zai sauko da ita da hannunsa, ya ce ba ya son taimako a kan matakala. Obata Sumie ce za ta karɓi gawa, ta duba leda kamar yadda doka ta tanada. Ana roƙon jama'a kada su kawo furanni, domin furanni sharar ƙonawa ce, ranar Litinin ake kwashe ta, kuma ba za a yi wa kowa alfarma ba. Kada kuma a yi masa ta'aziyya da cewa ai za a sayi wata.

Za a ci gaba da zaman makoki a ɗaki 204 kullum da rana har zuwa ashirin da takwas ga wata, ranar da za a mayar da mabuɗi ofis. Babu abin ci sai shayi mai sanyi daga kwalba. Tokuji yana son ganin kowa kafin nan, har da waɗanda ya taɓa zagi. Roƙonsa ɗaya ne ga masu zuwa: in ka shigo ka ga ya tsaya yana kallonka, ka faɗi sunanka kawai ka zauna, kada ka tambaye shi ko ya gane ka.